Wasiƙa zuwa ga Sani a Kumasi

Sankaryare, Wagadugu

Ƙanena Sani,

Ya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Baba, Ya kyautata namu zuwan.

Na saurari saƙonka, na ji ka ce kana isowa za ka ɗauki lauya ka kai maganar takardar nan kotu. Ka dakata tukuna. Kai hotonta ka gani a waya, ni kuwa na riƙe ta a hannuna.

Da na'ura aka buga ta, da Faransanci, an dangwala yatsa a ƙasa, babu sunan shaida ko ɗaya. Wai Baba ya bar wa ɗan'uwanmu Bashir gidan nan baki ɗaya har da shagon bakin kasuwa. Baban da ko bashin goro da ajami yake rubutawa a littafinsa mai baƙin bango! Kwanan watan da ke jikinta kuma ya faɗa cikin makon da yake kiran Inna da sunan mahaifiyarsa.

Na kai wa Malam Liman, aka fassara masa. Bai bari an kai ƙarshe ba ya ce wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, iyakar da Annabi (SAW) ya yanke wa Sa'adu bin Abi Waƙƙas ke nan, kuma ba a yi wa magaji wasiyya sai in sauran magada sun amince. Bashir ɗa ne kamar kai. Na ce to in suka ce kyauta ce fa? Ya ce a Malikiyya kyauta ba ta tabbata sai an karɓe ta tun mai ita yana da rai da lafiya. Baba kuwa a ɗakinsa ya cika, kuma har ya kwanta ciwo shi ke karɓar hayar shago.

A wajen hukuma ma ba ta da ƙafar tsayawa, domin wasiyyar da mutum ya yi shi kaɗai sai ya rubuta ta da hannunsa, ya sa kwanan wata, ya sa hannu, in ba haka ba ya je gaban noter, mai tabbatar da takardu. Ka shiga kotu, mai yiwuwa ka kayar da ita. Sai dai alƙali ba da Risala yake rabon gado ba. Dokar iyali ta 1989 ta daidaita rabon ɗa da na ɗiya (ni ce da riba, ka ga ba don kaina nake hana ka ba). Abin da ke hana ni barci su Inna ne. Aurensu a masallaci aka ɗaura, ba a je meri (ofishin magajin gari) ba, waccan doka kuwa auren meri kaɗai ta sani. Sabuwar ta 2025 ta buɗe ƙofar rajistar auren masallaci, amma Baba bai kai ga yi ba. A zaure tumuninsu tabbas ne, Inna da Amarya su raba. A kotu ina tsoron su fito hannu rabbana, a gidan da aka saya da diyyar gidanmu na Zangwatin bayan rusau ɗin ZACA na 2003.

Bashir kuma ban yarda shi ya kitsa wannan ba, na fi zargin kawunsa. Yaron nan shi ke goya Baba a babur zuwa asibiti, shi ke wanke masa jiki. Ni dai in an raba, zan bar masa rabona na shago. Kai naka ra'ayinka ne.

Ka zo kafin sadakar arba'in, Baffa zai tara mu gaban Malam. Ka taho da katin shaidarka da takardar haihuwa saboda takardar magada. Kafin nan kada ka kira Bashir a waya, na san bakinka.

Ka gaida Hadiza da yara.

Yayarka,
Rabi