Kurtun tawada ba tarkace ba ne

1/ Sinawa suna da abubuwa 4 da suke kira taskokin ɗakin karatu: burushin rubutu, tawada, takarda, da dutsen niƙa tawada. Ku biyo ni jama'a, maganar gida za ta dawo.

2/ Tawadarsu busasshiyar sanda ce, ta baƙin hayaƙin itace da danƙo. A ɗiga ruwa a kan dutse, a yi ta gogawa har ta yi kauri. Dutsen Duan na Zhaoqing ya yi suna tun zamanin daular Tang (618-907). Har gajimare da furanni suke sassaƙa masa, ɗa ya gada wurin uba.

3/ Mu namu kurtu ne. Ɗan ƙaramin duma, a fafe shi, a kankare cikin, wani ma a ɗinke shi da fata. Na kakana a Kabo ya yi baƙi ƙirin don shan hannu.

4/ Tawada biyu yake haɗawa. Ta allo: ya daka gawayi, ya tace, ya sa ƙaro don ta kama. Ta takarda: ya jiƙa bagaruwa da kashin maƙera, a dafa. Wannan ba ta wankuwa.

5/ Ku duba hikimar fa. Ta allo dole ta wanku, domin karatun ya riga ya koma ƙirji. Ta takarda dole ta zauna, saboda jikan da ba a haifa ba tukuna.

6/ Da Allah ya yi masa rasuwa, an raba littattafai, an raba gona. Kurtu kuwa babu wanda ya kula, har an haɗa shi da shara. Ni na ɗauko. Yanzu yana ɗakina a makaranta, kusa da kwamfuta.

7/ A Gwarzo yanzu robar magani nake gani a hannun yara 'yan makarantar allo. Ban ga laifinsu ba, tana da araha, ba ta fashewa. Tsorona shi ne masu haɗa tawadar takarda tsufa suke yi. A gidanmu kawuna kaɗai ya rage, kuma idonsa ya fara rauni.

8/ Hutun nan zan zauna gabansa da waya, ya haɗa ina ɗauka, daga jiƙo har tacewa. Kai ma in kana da tsoho a gida, tambaye shi tun yana iya ba ka amsa.

9/ Wa ke da kurtu a gidansu? Ku ajiye mana hoto a nan ƙasa.