Mun Tsaya a Ƙofar Kulob na Bompai

Ran wata Asabar muka kwashi 'yan aji shida zuwa Bompai don su ga masana'antu. Da yawa muka tarar a garƙame, ciyawa ta cinye haraba. Kan hanyar komowa muka tsaya a ƙofar Kano Club, sai wani yaro ya ce, "Malam, nan kuma me ake ƙerawa?"

Ba a ƙera kome. Nan ne Turawan mulki da na kamfani sukan taru da maraice su sha abin shansu, tun Sharaɗa da Challawa suna gonaki. A irin waɗannan wurare, da fari, baƙar fata in ba boyi ko kuku ba, ba shi da shiga.

Muka zaga da yaran cikin unguwar, muna nuna musu tsofaffin gidajen Turawa da suka rage. Bango mai kauri, rufi can sama, baranda mai faɗi ta tare rana, taga tana duban taga don iska ta ratsa. Ko da bazara mutum ya iya barci ba fanka. Mu da muke kwana cikin ɗakin bulo, in an ɗauke wuta mun san bambancin. Amma ana ta rushe su ana kafa shaguna.

Doka kuwa akwai ta. An yi ta kayan tarihi a 1953, Gidan Makama ya shiga ƙarƙashinta a 1959, aka kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa a 1979. Ganuwa tana cikin lissafi, amma kulob ko otel na Kano ko ɗaya babu.

Wani zai ce, ina ruwan dokar tarihi da gidan giya? Mu ma ba mashaya ba ne. Amma a London, da wani kamfani ya rushe mashayar Carlton Tavern a 2015 ba da izini ba, hukuma ta tilasta shi ya mayar da ita yadda take, aka sake buɗewa a 2021. Ba giyar suka kare ba, ginin ne.

Cikin mota yaron nan bai sake maganar masana'anta ba. Tambayarsa ɗaya ce, ta wace ƙofa boyin yake shiga.