Ƙaramar Kalma Mai Rufe Sharaɗi

Duk mai nazarin harshe ya san haɗarin jimla mai harshen damo. A ce wa yaro: “Idan baƙo ya zo, idan akwai shayi ka ba shi, in ba haka ba ka kira ni.” Yaushe ke nan zai yi kiran? In baƙon bai zo ba, ko kuwa in shayin ya ƙare? Yaro yakan warware wannan da hankalinsa. Kwamfuta kuwa ba ta da hankalin da za ta yi hasashe.

Wannan ruɗani ya daɗe yana damun masu ƙirƙirar harsunan kwamfuta, domin kalmar if (idan) da else (in ba haka ba) su ne ke juya akalar aiki. Harshen C ya kafa doka: kowace else ta if mafi kusa da ita ce. Masu ALGOL 68 kuma suka ga gara kowane sharaɗi ya sami murfinsa, sai suka juya kalmar buɗewa ta baya: if ta rufe da fi, case da esac, do da od.

Stephen Bourne ya yi aiki a kan ALGOL 68 a Jami'ar Cambridge ta Ingila kafin ya koma Bell Labs a Amurka. Da ya rubuta harshen ba da umarni na Unix, wanda ya fito a 1979, ya ɗauko fi da esac. Amma od ta gagara, domin akwai wata manhaja mai wannan suna a Unix. Dole ya sa done. Har yau haka ake rubutawa.

Guido van Rossum, wanda ya fitar da Python a 1991, ya bi wata hanya: tazarar farkon layi ce ke nuna iyakar sharaɗi, don abin da ido ya gani ya zama shi na'ura za ta bi.

Lamarin ya wuce ado. A 2014 aka gano wani layi da aka maimaita ƙarƙashin if marar murfi a manhajar Apple. Ido na ganinsa cikin sharaɗin, na'ura kuwa tana zartar da shi kullum, har ta tsallake binciken tsaron haɗin intanet. Mai rubutu ya san inda sharaɗinsa ya ƙare. Aikin kalmar rufewa shi ne ta sanar da mai karatu.