Mawaƙin da ya rera labarin kansa

Duk wanda ya kalli fim ɗin 'El Cantante' na 2007, wanda Marc Anthony da Jennifer Lopez suka fito a ciki, zai so sanin inda sunan ya samo asali. Sunan wata waƙa ce ta Sifaniyanci, ma'anarsa "Mawaƙi", kuma wanda ya rera ta, Héctor Lavoe, shi ne aka yi fim ɗin a kan rayuwarsa.

An haifi Lavoe a garin Ponce na tsibirin Puerto Rico a 1946. Yana matashi ya tafi birnin New York na Amurka a 1963, daga baya ya haɗu da makaɗi Willie Colón, suka yi tashe a kiɗan rawa da ake kira salsa. Kuɗi suka shigo, masoya suka yi caa a kansa, hodar iblis ita ma ta shigo. Ya zama sai a tara jama'a a yi ta jiransa, ya zo a makare ko ma ya ƙi zuwa.

A cikin wannan hali ne Colón ya roƙi Rubén Blades, wanda ya rubuta waƙar don kansa, ya bar wa Lavoe ita. Ta fito a 1978 a faifan 'Comedia'.

To, me waƙar ke cewa? Mawaƙi ne ke yi wa 'yan kallo magana daga kan dandamali. Sun biya kuɗinsu, don haka dole ya yi murmushi ya nishaɗantar da su. Da an tashi daga wasa sai ya koma mutum kamar kowa, mai damuwa da hawaye, amma ba mai tambayarsa yaya ya kwana. Waƙar ba ta ambaci ƙwaya ba ko sau ɗaya, sai dai duk wanda ya san Lavoe ya gane inda ta dosa.

Allah sarki! Abin da ya biyo baya ya fi waƙar ɗaci. A 1987 ɗansa ya rasu bayan an harbe shi bisa kuskure. A 1988 aka shirya wasa a Puerto Rico, mutane ƙalilan suka zo, aka soke shi. Washegari ya faɗo daga hawa na 9 na wani otal. Ya rayu, amma bai ƙara komawa daidai ba. Ya rasu a 1993 yana da shekara 46, sakamakon cutar ƙanjamau.

Shekara da shekaru jama'a na taka rawa da wannan waƙa, alhali mai ita kukansa yake faɗa masu. Ɗan kallo kan ce yana mutuwar son jarumi, ya sayi hotonsa, ya haddace waƙoƙinsa. Ranar da tauraronsa ya dusashe kuwa, sai ya koma wajen sabon da ke tashe, kuma shi ne zai fara yaɗa labarin wai wane ya lalace. Lavoe ya sha tafi har ya gaji, abin da ya rasa shi ne mai tambayar lafiyarsa bayan an kashe fitilu.