Kariya a Tukunya: Kyau a Ido, Guba a Baki

Da yawanku kun ga hotunan bonsai a waya, wato bishiyar da ake reno a 'yar tukunya, ana datse mata rassa da saiwa har ta tsufa ba ta yi tsawo ba. Mutanen Japan ne suka yi suna a kanta, kuma tun 1934 ake baje kolinta na Kokufu a Tokyo. Alƙalai kan duba kaurin gindi, da shimfiɗuwar saiwa, da tsarin rassa, da dacewar tukunya, sannan a ɗora bishiyar kan teburi daidai ido.

Abin da ya sa na kawo zancen shi ne, ɗaya daga cikin itatuwan da ake yi wa wannan ado tamu ce: kariya, mai kumburarren gindi da jan fure. A Tailan har gasa ake yi da ita. Kwanan baya, a wani gidan suna a Assakio, na ga tukunyarta a ƙasa kusa da randa, yara na rarrafe a gefe. Gabana ya faɗi.

Ruwan kariya na ɗauke da sinadarai dangin digoxin, maganin zuciyar da ba ma bayarwa sai da takardar likita, domin tsakanin magani da guba a cikinsa tazarar kaɗan ce. Da ruwan nan maharba a sassan Afirka ke shafa wa kibiya dafi. Yaron da ya tauna ganye ko reshe zai iya yin amai da gudawa da jiri, bugun zuciyarsa ya rikice.

Ban ce ku tumɓuke ta ba. Ku yi irin na masu baje koli: ku ɗaga tukunyar sama, inda hannun yaro da bakin akuya ba sa kaiwa. In za ku datse, ku sa safar hannu, ku wanke wuƙar, ku kwashe rassan. Kada a jiƙa ɓawonta a sha, musamman mai ciwon zuciya.

In yaro ya ci, kada a tsaya ba shi manja ko a sa shi amai. A ɗauki guntun reshen, a garzaya asibiti ko da yana wasansa, don gubar ba ta nuna kanta nan take. Allah ya tsare mana zuri'a.