Zafi Hanya Yake Nema

Kusan duk wutar lantarkin da katin hoto na kwamfuta ya ci, zafi take komawa. Katin da ke cin wat 150 tamkar ƙaramin murhu ne da aka rufe cikin akwati, kuma duk fankoki da ƙarafan da aka jera masa aikinsu ɗaya ne, wato fitar da zafin kafin ya taru.

Fannin zanen gine-gine na karanta. Da na kammala bautar ƙasa, sai na haɗa ɗan abin da na tara na sayi kwamfutar tebur ta hannu, na fara zana wa magina hotunan gidajen da ba a riga an aza harsashinsu ba. Ita ce jarina kaf. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kai digiri 40, ta fara gardama ina tsakiyar aikin wani ƙaramin asibiti da na yi alkawarin miƙawa ranar Juma'a. Fankoki su yi ta kuwwa, hoto ya riƙa sarƙewa, can sai allon ya yi baƙi ƙirin. Wani mai gyara ya saurari bayanina, ya ce, "Malam, katin ya gama yayi, sai dai sabo." Kuɗin sabo kuwa ya fi abin da nake samu a wata uku.

Na yanke shawarar in auna kafin in yanke ƙauna. Manhajar GPU-Z ta nuna mini lambobi biyu: zafin katin gaba ɗaya digiri 88, wurin da ya fi zafi a ƙwaƙwalwarsa kuma 110. Katuna da yawa kan rage gudu da kansu daga wajen digiri 83 don kare kai, saboda haka sarƙewar hoton alama ce ta katin da ke da sauran rai. Tazarar da ke tsakanin lambobin biyu ita ta fi ɗaukar hankalina, domin idan ta haura digiri 20, akasari zafi ne ya kasa tsallakawa daga ƙwaƙwalwar zuwa ƙarfen da ke zuƙe shi.

Sai na bi sawun zafin tun daga waje. Na janye akwatin daga jikin bango, na buɗe gefensa, digiri uku suka sauka. Tsakanin siraran faifan alminiyom na tarar da ƙurar hunturu ta dunƙule kamar auduga, na busa ta ina riƙe da fankokin don kada iska ta juya su fiye da ƙima. Daga nan na cire wuta, na kwance ƙarfen. Man da ake shafawa don cike ƴan ramukan da ido ba ya gani tsakanin ƙwaƙwalwa da jan ƙarfe ya bushe, ya tsattsage kamar laka a bakin tafki da rani. Na goge shi da sifirit, na shimfiɗa sabo, na ɗaure kusoshi daki-daki, wannan kusurwa sannan kishiyarta, domin matsin ya daidaita. Ƙarshe na ɗan rage ƙarfin wutar da katin ke ja. Zafin ya tsaya a 74, aikin asibiti ya isa ga mai shi ranar Alhamis da dare.

Abin da ya fi zauna mini shi ne, masu gwada irin waɗannan katuna a ɗaki mai sanyin digiri 20 da ɗoriya suke gwada su. Duk digiri ɗaya da ɗakina ya ƙaru, kusan digiri ɗaya katin ke ƙaruwa, don haka sakacin da zai wuce salin-alin a Jamus, a nan sai ya kashe na'ura. Maginan Dala sun daɗe da sanin wannan lissafi, shi ya sa suka yi katangar ƙasa mai kauri da ke jinkirta zafin rana, da tsakar gida inda iska ke sauka da dare. Yanzu duk zanen da aka kawo mini, kafin in dubi launin bango ko ƙyallin gilashi, tagogi nake fara dubawa, in ga ta ina iska za ta shiga, ta ina kuma za ta fita.