Kunnen Baƙin Sarki

Duk daren Asabar, da zarar an idar da sallar lisha, mutum biyar kan hallara a barandar gidanmu da ke unguwar malaman jami'a a nan Legas. Akwai malamin lissafi, wanda shi ne dattijonmu. Akwai wani likitan haƙori, Bayarabe da ya yi ƙuruciya a Sabon Garin Kano, mai jin Hausa kamar jakin Kano. Akwai ma'aikacin ɗakin karatu, akwai autanmu, wani matashin malami da ke fama da kundin digirinsa na uku, sai kuma mu masu masauki. Abin da ke tara mu kuwa karta ce. Tun kafin mai karatu ya ɗaga gira, bari mu faɗa masa cewa ko kwabo ba ya hawa teburinmu. Tsinken ashana ake raba wa kowa hamsin-hamsin, wanda nasa suka fara ƙarewa shi ke wanke kofunan shayi, ko da kuwa farfesa ne.

Da wasan wot muka tashi, kamar sauran 'yan Nijeriya, har lokacin da dattijonmu ya koya mana foka, wasan da ya tsinto sa'ad da yake karatu a Amurka, inda ya samo asali a yankunan kogin Misisifi a farkon ƙarni na 19. A irin wanda muke yi, kowa kan riƙe kati biyar a ɓoye, ya tura ashana gwargwadon ƙarfin hannunsa, ko kuma gwargwadon ƙarfin da yake so a zata yana da shi. Mai hannun banza na iya cika baki ya kori mai hannun kirki. Dattijonmu ya sha gaya mana cewa daga kati 52 ana iya fitar da hannu iri 2,598,960, kuma daɗin wasan duka ya rataya ne a kan rashin sanin wanne ne a hannun maƙwabcinka. Saboda haka abu ɗaya tak ake nema ga kati: fuskoki su bambanta, amma ƙeya ta zama iri ɗaya, yadda ba mai iya rarrabe sarki da biyu daga baya.

A nan kartar takarda ta ci amanarmu. Ita dai ana yin ta ne da fallayen takarda da aka manne da baƙin gam don kada haske ya ratsa, sannan a shafa mata wani abu mai sheƙi a sama. A Katsina ko Sakkwato tana iya ɗan jurewa, amma damshin Legas ba ya barin takarda ta zauna lafiya. Gefenta ke fara shan gumin hannu da maiƙon tsire, ta yi baƙi, ta kumbura, ta riƙa mannewa da juna har a raba wa mutum shida maimakon biyar. An ce a gidan tarihi na Topkapi da ke Istanbul akwai kartar takarda ta zamanin Mamluk na Masar, wadda ta kai kimanin shekara 500 a duniya. Ba ma musu, amma ai ba wanda ke buga ta duk Asabar da hannun da ya ci ƙuli-ƙuli.

A daminar 2022 kunnen ɗaya daga cikin baƙaƙen sarakuna biyu ya lanƙwashe. Lanƙwasa ce 'yar ƙarama, wadda sai fitila ta haska ta gefe ake ganin ta. Mu muka fara lura da ita, kasancewar kujerarmu ce ke fuskantar fitilar, kuma a nan ne za mu faɗi abin da bai yi mana daɗin faɗa ba: shiru muka yi. Makonni uku cur muna kallon wannan kunne yana yawo daga hannu zuwa hannu, muna janyewa idan ya sauka wurin wani, muna tura ashana idan mun tabbata yana cikin tuli. Mun riƙa lallashin zuciya da cewa ai ba mu muka lanƙwasa shi ba, kuma ai ashana ce ba kuɗi ba. Mutumin da ya yi shekaru yana koya wa ɗalibai yadda ake gano munafuncin taurari a ƙagaggun labarai, sai ga shi ya kasa gano nasa.

A mako na huɗu dattijonmu ya ɗaga katin sama, ya juya shi a gaban fitila, ya ce, "Jama'a, wannan sarki ai an yi masa shaida." Tsautsayi kuwa ya sa a daren autanmu ne ke da tulin ashana a gabansa, kuma daga hannunsa katin ya fito. Ba wanda ya furta kome, sai dai idanu huɗu suka koma kansa, har da namu. Ya ce, "Wallahi Baba, ban taɓa lura ba." Aka ce ba kome, aka ci gaba, amma kowa ya san da kome. Asabar ta zagayo bai zo ba, ya aiko cewa babi na uku ya riƙe shi. Ta gaba ma haka.

Maimakon mu tafi wurinsa, sai muka tafi kasuwa, domin sauya karta ya fi sauƙi a kan buɗe baki. Wani mai shago ya miƙo mana fakiti mai ƙyalli ya rantse cewa roba ce. Kwana goma sha huɗu ta yi gefenta ya fara tsagewa biyu, takarda ta leƙo. Ashe iri biyu ne ke amsa sunan roba. Akwai takardar da aka yi wa rigar roba, wadda ba ta fi ta farko da yawa ba, akwai kuma wadda jikinta duka roba ne. Gane su ba wuya idan an san hanya. A dubi gefen katin, domin mai riga kan nuna fallaye, na ainihi kuwa sumul yake. A ɗiga masa ruwa a baki, takarda za ta sha ta kumbura, roba kuwa sai dai a goge. A lanƙwasa shi a saki, na roba zai miƙe ya koma yadda yake, kuma wannan siffa ta ƙarshe ita muke nema ruwa a jallo.

Ko a cikin na ainihin ma akwai zaɓi. Kamfanin KEM na Amurka, wanda ke wannan sana'a tun shekarun 1930, yana yin nasa da robar asitet, mai laushi a hannu da tsada a aljihu. Copag na Brazil, wanda aka kafa a 1908, yana yin nasa da robar PVC, mai ɗan sauƙin kuɗi. Albashin malamin jami'a ne ya yanke mana hukunci tsakaninsu. Sai batun faɗi: katin da ake kira na foka inci 2.5 ne a faɗi da 3.5 a tsawo, na wasan birij kuwa inci 2.25, kuma abin mamaki, gidajen foka da yawa wannan siririn suke amfani da shi saboda ya fi daɗin cuɗawa da riƙewa. Shi muka ɗauka. Muka nemi mai manyan lambobi a kusurwa don idon dattijonmu, da mai farin layi kewaye da ƙeya, domin zanen da ya kai har baki kan tona kansa idan ya ɗan goge. Fakiti biyu muka yi saƙo, ja da shuɗi, ta hannun wani abokin aiki da ya tafi taro ƙasar waje, don ana buga ɗaya ana cuɗa ɗaya, kuma ɓataccen kati ba zai ɓuya cikin 'yan'uwan da ba nasa ba.

Ba za mu ce ba ta da aibi ba. Sabuwar kartar roba santsi gare ta kamar tarwaɗa, daren farko rabinta a ƙasa muka tsince ta. Ba ta son zafi, idan aka manta da ita cikin mota da rana za ta kantare, ba kuma ta sake miƙewa. Ga shi ba ta da wannan ƙamshi na sabuwar takarda da ke tuna mana da ranar raba littattafai a firamare. Amma idan ta yi datti, ruwan sanyi da ɗan sabulu sun ishe ta, a shanya ta ɗai-ɗai a kan tawul a inuwa. Damina uku ke nan ta gani ba ta nuna gajiya ba.

Sai dai kartar ta iso, kujera ɗaya na nan babu kowa. Ran wata Laraba muka sa tsohon baƙin sarkin a aljihu muka hau bene zuwa ofishin autanmu. Muka same shi cikin tarin takardun jarrabawa, ya miƙe yana cewa, "Dakta, da ka aiko ai da na zo." Muka ajiye katin a kan teburinsa, muka gaya masa tun ranar da muka fara ganin kunnen, da adadin makonnin, da dalilin da ya sa muka bar idanu suka tsaya a kansa. Ya daɗe yana juya katin a hannu. Can ya ce, "To Yaya, ashe kofuna na makonni uku ake bin ka."

Asabar ɗin da ta biyo baya muka maimaita maganar a gaban sauran ukun, likita ya yi dariya har da hawaye, dattijonmu kuwa bai yi ba. Ya ɗauki shuɗin fakitin ya cuɗa sau bakwai, kamar yadda ya ce masana lissafi biyu, Bayer da Diaconis, sun nuna a 1992 cewa shi ne abin da kati 52 ke bukata kafin ya gauraya sosai, sannan ya tura wa autanmu ya yanka. Ya kuma umarta a sauya mana kujera, a mai da mu inda muke ba fitila baya. A can muke zaune har yau, kusa da bokitin wanke kofuna.